Kan Mai Kitso

Likita ta ce wata shida.
Na ƙirga shida, na ƙara shida,
na ƙara wasu don kara,
har itatuwan Harehills suka zubar da ganye sau uku,
suka mayar sau uku, ina kallo ta taga.

Ran Talata, a hawa na uku,
ta kunna 'yar fitila bisa kaina
tana dubawa kamar mai neman allura a tabarma.
Ta ce saiwar ce ta tafi.
Ta ce kaɗan ne ake yi wa haka.
Na ce to.
Na gode mata, don an koya mini godiya,
na sauko jiran bas
da takarda a jaka mai cewa ciwon ya kau.

Ni fa mai kitso ce.
Shekara goma sha tara ina tsaga kan mutane
a ɗakin baya na gidan haya:
shuku, kalaba, zanen yawo,
kan 'yar Gana, kan 'yar Sudan,
kan amaryar da ta zo daga Bradford da kuka
don an ɓata mata a can.
Na san kai yadda manomi ya san fadamarsa,
inda ya yi ƙarfi, inda ya gaji,
inda sai an bi a hankali.
Nawa na duba na rasa ta inda zan kama.

Daga Zariya Inna Dije ta aiko da kwalabe,
man darbejiya, habbatus sauda,
da wani baƙin haɗi mai warin albasa
da ta ƙi faɗin sunansa.
Na shafa duka. Matashin kai ne ya amfana.
A waya ta ce in da rai da rabo.
Na ce haka ne, Inna.
Ban gaya mata ran ya dawo shi kaɗai ba,
ya bar kayansa a hanya.

Hular gashin da suka ba ni
tana rataye bayan ƙofa,
baƙuwa ce, ba ta jin Hausa.
Sau biyu na fita da ita. Ƙaiƙayi ya raba mu.

Gira ta fi ci mini rai.
Aski in ya zo gaban goshi, ai an san sauran.
Mamaki ya rasa wurin zama a fuskata,
in na yi fushi Sallau ba ya ganewa
sai na faɗa masa da baki.

Daren jiya Barira,
shekara sha huɗu, Hausarta rabi da rabi,
ta kwaɓa lalle a kofin shayi,
ta ce Mama zauna, yau ni ce mai kitso.
Na zauna ƙasa tsakanin gwiwoyinta,
wurin da na ajiye mata ɗari da ɗari.
Ta ja layi daga goshi zuwa ƙeya,
sanyinsa ya bi ni har baya.
Na ce tsagar nan ta karkace.
Ta ce to ki daina motsi.
Maganata ce, a bakina ta tsinta.

Da asuba na zo shafar kai a alwala,
ruwan famfon garin nan, mai cizo,
tafi da fata, babu mai shiga tsakani.
Layi bakwai, ja, ko ɗaya bai miƙe ba.
Mako biyu za su yi su koɗe, na sani.

Ƙarfe tara akwai mai zuwa,
gashi har kafaɗa, tana so a gama kafin azahar.
Na wanke matsefi, na jera tsinke.
Na ɗaura ɗankwali, na ɗan ja shi baya,
bakin layi ɗaya ya leƙo.